Alfijirin da Kawu Ya Gani a Madubin Dare

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne ladanin wani ƙauye da ke gefen hanyar Basirka, a ƙasar Gwaram. Tun ina yaro shi ke kiran salla a can, kuma bai taɓa ɗaura agogo ba. Azahar da la'asar da inuwar katangar masallaci yake auna su. Magariba kuwa kowa ma ya san ta. Asuba ce aikinsa na gaske. Akwai wani faffaɗan dutse a gabashin masallacin, bai kai tsayin mutum ba. A kansa yake tsayawa ya zuba wa gabas ido ta saman fadama, har sai farin nan ya shimfiɗu a gindin sama, sannan ya sauko ya kira assalatu. Ko da aka kawo lasifika mai aiki da sola, abin da ya ƙaru kawai shi ne mutanen rugar bayan gari ma suna jin tarinsa kafin ya fara.

Ba ya riƙe tocila idan zai fito. Ya ce haskenta yana kashe ido, wanda ya kalli fitila sai ya daɗe kafin idonsa ya koma ya saba da duhu, kuma alfijir ba ya jiran kowa. Haka yake takowa daga gida cikin duhu, ta bayan rumbuna, ya bi gefen kwata, ya ɓullo masallaci.

To, shekaru suka ja, dundumi ya kama shi. Da rana garau yake gani, har ya zura zare a allura. Amma da rana ta faɗi sai duniya ta rufe masa. Ya faɗa kwatar nan sau biyu. Wata rana kuma aka same shi tsaye yana gaida jakin maƙwabcinsa, yana tambayarsa ya mai jiki. Wannan duk abin dariya ne, shi ma yana taya mutane. Wanda ba na dariya ba shi ne kiran asuba ya fara makara. Sai gari ya soma wayewa, kaji sun sauko, sannan a ji shi. A azumin da ya gabaci wanda nake ba da labari, mutane sun yi ta cin sahur bayan alfijir ya keto ba su sani ba, suna jiran Kawu.

Wanda ya fara ɗaga maganar shi ne tsohon hedimastan firamaren garin. Taubashin Kawu ne, ɗan gwaggonsa, don haka yana da damar ya faɗa masa abin da wani ba zai iya ba. Mutum ne mai agogo a hannu, da waya a aljihu, da takardar lokutan salla manne a bangon zaurensa. Dattawan masallaci suka zauna da Liman, suka yanke cewa za a bar Kawu ya gwada azumi mai zuwa. In ya daidaita, shi ke nan. In aka sake samun matsala, za a ba wani makirufo, a riƙa bin takarda. Ba albashi ake ba shi ba, balle a ce shi yake ji. Amma mutumin da tun kafin ya yi aure sunansa ya ɓace, kowa Ladan yake ce masa, har matarsa, in ka karɓe kiran ban san da me za ka kira shi ba.

A nan na shigo, da kayan gyarana.

Ni na yi yawo. Na yi direban babbar mota, na zauna Agadas, na zauna Kwatano, na yi ɗan zama a Jidda wanda ya sa har yau ake ce mini Alhaji, sannan na yi shekaru a Fatakwal ina tuƙa masu gadin wani kamfani. Shugaban masu gadin tsohon soja ne, Kirista daga can tsakiyar ƙasa, mai son hira kamar ni. Da zan baro aikin na dawo Birnin Kudu, ya ba ni wani tsohon madubin gani da dare da suka daina amfani da shi. Mai ido ɗaya ne, tsawonsa kamar ƙaramar tocila, da maɗaurin da ake sawa a kai. Ya ce in kai gida in riƙa gadin awaki.

Shi ya koya mini yadda abin yake aiki, kuma ni ban iya jin abu in bar shi a cikina ba. Ya ce dare ba ya taɓa zama duhu zalla. Kullum akwai ɗan haske, na taurari, na wata, na wani gari mai nisa da ya daki gajimare ya dawo. Idonmu ne bai iya cin moriyarsa ba. Gilashin gaba yana tattara wannan ɗan hasken ya jefa shi kan wani faranti a ciki, farantin ya mai da shi ƙwayoyin lantarki. Ƙwayoyin su bi ta wani faifai mai ƙananan ramuka kamar rariya, duk wadda ta shiga rami ta daki gefensa sai ta taso da wasu, su ma su taso da wasu, kafin su fita ɗaya ta zama tuli. Sai su faɗa kan wani allo a gaban idonka, allon ya kama da koren haske, ka ga hoton abin da ke gabanka. Kore aka zaɓa don ido ya fi rarrabe duhunsa da haskensa, kuma bai cika gajiyar da mutum ba. In ka shiga ɗakin da babu haske ko kaɗan, akwai wata 'yar fitila a jikinsa da idon mutum ba ya ganin haskenta, madubin ne kawai ke gani. Ya ce sojoji na amfani da shi, da matuƙa jirgi, da masu neman wanda ya ɓata a daji, da Turawan nan masu kwana suna kallon namun dawa. Akwai wani iri kuma da zafin jiki yake gani, amma wannan ba shi ba ne. Ya ja mini kunne a kan abu ɗaya: kada a kunna shi da rana, kada a kalli fitilar mota da shi.

Awakina ba su buƙaci gadi ba. Madubin ya yi shekara biyu a akwati. Da na ji labarin kwata da jaki, sai na ce ga mai shi. Ana saura kwana uku azumi na sa masa sabon batir, na hau babur daga Birnin Kudu, na isa ƙauyen bayan la'asar.

Bayan isha'i na ɗaura wa Kawu shi a tsakar gida. Ya juya kai a hankali, ya tsaya a kan matarsa, wadda muke ce wa Inna, tana zaune tana tsince wake a faifai da lalube.

Ya ce, "Ikon Allah. Ke, ashe haka kike murguɗa mini baki in dare ya yi?"

Inna ta ce, "Shekara nawa ina yi, sai yau ka gani?"

Ya ce, "Kin koma koriya shar, kamar ganyen rama."

Ya zagaya gidan, ya ƙirga tumaki, ya tsinci butar da ya ce an sace masa tun sati biyu. Na bi shi har masallaci muka dawo, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. A hanya na yi masa duk bayanin da tsohon sojan ya yi mini, har da rariya. Ya saurara, bai katse ni ba, abin da ba halinsa ba ne. Da na gama ya ce, "Wato ɗan haske kaɗan yake kamawa ya yawaita shi."

Na ce, "Shi ke nan, Kawu, ka gane."

Ya ce, "Ko wanda ido bai kai gare shi ba."

Na ce, "Shi ne ma aikinsa."

Na kwana, na koma gida da safe ina jin na yi abin kirki. Ni hanya nake tunani, da kwata. Ban kawo dutsen nan a raina ba ko sau ɗaya.

Ranar uku ga azumi Inna ta kira ni a waya da hantsi. Ta ce, "Alhaji, ka zo ka ɗauki idonka. Ya hana gari cin abinci."

Abin da ya faru shi ne, Kawu ya isa masallaci lafiya lau da madubinsa, ya hau dutse, kuma maimakon ya cire sai ya juya gabas da shi. Ya ga gindin sama ya yi fari fes, irin yadda rabonsa da gani an yi shekaru. Ya sauko da sauri ya kira assalatu. Ranar farko mutane suka ajiye kwano suna cewa lallai bana Ladan ya ɗaura ɗamara. Rana ta biyu wata mata ta ce ko ɗumamen bai yi zafi ba aka kira. Rana ta uku mai shayin bakin hanya ya yi asarar tukunya guda, don duk masu jiran a haɗa musu sun tashi sun bar shi. Azumin bazara ne kuma, wanda bai sha ruwa ya ƙoshi ba ya san abin da ke jiransa da azahar. Hedimasta ya rubuta lokacin kowace rana a bayan takardarsa. Kusan rabin awa Kawu yake riga ta.

Na same su a rumfar masallaci bayan la'asar, kowa leɓe a bushe. Liman mutum ne mai sanyin magana, ya girmi Kawu kaɗan. Hedimasta na gefe da takardarsa a cinya. Kawu ya ajiye madubin a gabansa a kan buzu kamar wanda ya zo da shaida.

Hedimasta ya ce, "Yauwa, ga mai kayan ya iso. Alhaji, bara bawan nan nawa ya sa mun ci abinci da rana, bana ya sa muna azumi da dare. Ka tambaye shi ko shekara mai zuwa me ya tanadar mana."

Kawu ya ce, "Kai dai cikinka ne ya dame ka. Tun muna yara haka kake, a kan ɗumame ka taɓa cizon ƙanwarka."

"Ni agogo nake bi."

"Agogon da bature ya ƙera. Ni alfijir na gani da idona."

"Da idon wa? Shi wannan ɗin kakanka ne ya ƙera shi?"

Aka yi dariya, har Kawu ya ɗan murmusa. Liman ya bari ta lafa, sannan ya ce maganar ba ta sahur ba ce kawai. Wanda ya daina ci da wuri azuminsa na nan, yunwa ce kawai ta ƙaru. Amma mata da tsofaffi da ke salla a gida suna jin kira suke tayarwa, kuma sallar da aka yi kafin lokacinta sai an sake ta. Kwana uku ke nan. Ya juyo gare ni ya ce, "Alhaji, abin nan ƙarya yake nunawa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ya ƙarya. Abin da babu ba ya nuna shi. Sai dai yana nuna abin da bai kai a gani ba."

Na sake kwararo bayanin faranti da rariya. Ina cikin ramuka hedimasta ya ce in taƙaita, masu azumi ne. Na ce to, a taƙaice, tun kafin alfijir ya keto akwai ɗan haske da ke taruwa a gabas, wanda ido bai san da shi ba, shi kuwa madubin ba ya raina kaɗan. Ko somin alfijir ne tun yana can ƙasa, ko farin nan ne mai miƙewa sama da malamai ke cewa alfijirin ƙarya, ni ban sani ba, direba ne ni.

Kawu ya ce, "In haske yana nan, yana nan. Don ku ba ku gan shi ba sai a ce babu?"

Liman ya ce gobe shi ma zai hau dutsen, mu huɗu, a zo da madubin, a zo da agogo.

Inna ta ba mu sahur da wuri, tuwon dawa da miyar kuka da kunu, ta ce mu ci da sauri tunda mai gidan ba a san lokacin da zai ga dama ba. Muka fita, Kawu a gaba da abinsa a kai, ni a baya ina tuntuɓe. Liman da hedimasta suna can sun riga mu. Muka taimaka wa Liman ya hau. Ba wata, taurari ne kawai, da ɗan iska mai ɗumi daga fadama.

Ba a daɗe ba Kawu ya ce, "Ga shi nan."

Na cire madubin daga kansa na riƙa wa Liman a ido. Ya duba ya daɗe. Ya ce, "Lallai akwai haske." Ya janye kansa, ya rufe idon da ya duba da shi, ya kalli gabas da ɗayan. Ya ce, "Nan kuma dare ne." Ya sake dubawa, ya sake janyewa. Hedimasta ma ya karɓa, ya fara da kallon Kawu, ya ce ko a kore ma muninsa na nan. Da ya juya gabas sai ya bar tsokana, ya miƙo mini. Ni ma na duba. In da ban san komai ba, da na rantse gari ya kusa wayewa. Bishiyoyin bakin fadama sun fito ɗaya-ɗaya, bayansu sama ta yi fayau.

Liman ya ce a kashe shi. Ya ce alfijirin da aka ɗora wa mutane shi ne wanda mai lafiyar ido zai tsaya a fili ya gani, manomi da makiyayi da matar da ke tsakar gida, ba wanda sai an aro ido daga Fatakwal ba. Na kashe, na sa a aljihu. Muka tsaya.

Rabin awa a tsaye a kan dutse ba a magana tana da tsawo. Ana jin motsin kwanuka daga gidajen kusa, mutane na ci da hanzari don ba su san me za a yi musu yau ba. Hedimasta yana ta son ya danna fitilar agogonsa, Kawu ya ce in ya kunna zai tura shi ƙasa. Can sai na ga bakin sama ya fara rabuwa da bakin ƙasa, wani siririn fari ya kwanta daga hagu zuwa dama. Liman ya yi gyaran murya. Hedimasta ya juya baya, ya rufe agogon da hularsa ya leƙa, ya ce saura minti biyu a takarda.

Liman ya ce, "Ladan, ka gan shi?"

Kawu yana fuskantar wajen sosai, wuyansa a miƙe. Da ya ce e, ba wanda zai ƙaryata shi, don ya ji gyaran muryar Liman kamar yadda muka ji. Muka jira. Farin ya ƙara faɗi, har na fara ganin farar rigar Liman.

Ya ce, "Ban gan shi ba, Malam."

Hedimasta ya mai da hularsa kai, ya gyara mata zama, ya sake gyarawa.

Liman ya ce, "To, mu uku mun gani. Sauka ka kira, lokaci na tafiya."

Na riƙe masa hannu ya sauka. Ya kira, muryar nan tasa yadda take, ba ta yi rawa ba.

Bayan an idar dattawa suka tsaya a cikin masallaci. Ni ba dattijon garin ba ne, na koma bakin ƙofa inda ake jin komai. Wani ya ce sharaɗi dai an yi shi, kuma an ga abin da ya faru. Liman ya ce haka ne. Ya ce amma shi da ya duba, aikin nan biyu ne aka haɗa wa mutum ɗaya, gani da kira, kuma ɗaya ne ya lalace. Ya ce garin na da wanda ya fi kowa damuwa da lokaci, ga ido, ga agogo, ga takarda, ga kuma fansho, ba inda za shi da safe. Daga yau shi zai riƙa hawa dutse, in ya gani ya faɗa wa Ladan.

Hedimasta ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ƙara na kawo."

Liman ya ce, "An karɓa."

"Kullum? Har da damina?"

"Har da sanyi."

Aka tambayi Kawu ko ya yarda. Ya daɗe yana kallon tabarma. Ba ƙaramin abu aka nema a wurinsa ba, ya tsaya a ƙasa yana jiran wani ya ce masa gari ya waye, wanin ma taubashinsa. Ya ce, "In dai ba zai riƙa yi mini Turanci ba."

Madubin na bar masa don hanya, da sharaɗin yana isa ƙofar masallaci zai kashe ya rataye a ƙusa. Inna ce ke karɓar batir a wurina, ta ce in ta ba shi duka zai ƙarar da su wajen leƙen abin da take yi a madafa.

Na koma ƙauyen da damina, na kwana, na fita asuba tare da shi. Ana yayyafi. Hedimasta na kan dutse da buhu a ka, yana mita shi kaɗai. Kawu na tsaye a bakin ƙofa, makirufo a hannu, bai ko kalli wajen dutsen ba.

Can hedimasta ya ce, "Ya fito."

Kawu ya ce, "Ka tabbata?"

"Na ce ya fito."

"Sake dubawa dai. Idon ɗan boko ne."

"Wallahi in ba ka kira ba zan sauko in kira da kaina."

Kawu ya ce, "Da wannan muryar? A bar mutane su yi salla cikin natsuwa."

Sannan ya danna makirufo, ya yi tarinsa, ya fara.